Murya Ɗaya Da Fiyano Ɗaya: Waƙar Lied Ta Jamusawa Da 'Yar'uwarta Ta Omdurman

In aka ce kiɗan Turawa na gargajiya, abin da yakan fara zuwa zuciyar yawancinmu shi ne taron nan na makaɗa sittin ko tamanin, kowa sanye da baƙar kwat, ga wani tsaye a gabansu yana kaɗa 'yar sanda. To akwai wani reshe na wannan kiɗa da ba ya bukatar irin wannan gayya. Mutum biyu ne kacal, ɗaya na tsaye yana rera waƙa, ɗaya na zaune yana kaɗa fiyano. Babu lasifika, babu 'yan amshi, babu rawa. Jamusawa na kiran irin wannan waƙa Lied, ana furta kalmar kamar "lid". A harshensu ma'anarta waƙa ce kawai, amma a wurin masana kiɗa na duniya, in an ce Lied ana nufin rubutacciyar waƙar wani sha'iri wadda wani gwanin tsara kiɗa ya ɗauka ya yi mata murya da kiɗan fiyano, sa'an nan ya rubuta kome da kome a takarda, har da inda mawaƙi zai ɗaga murya da inda zai sassauta.

Wani zai ce ina haɗin Bahaushen Khartum ko na Omdurman da waƙar Jamusawa, alhali ga halin da ƙasa ta shiga tun daga 15 ga Afrilun 2023? Haɗin ya fi yadda ake zato. Duk wanda ya taɓa zama a tsakar gida a Omdurman bayan sallar lisha, an fito da angarib da kujeru, ana zagawa da shayi, ga mawaƙi ya rungumi ud shi kaɗai yana rera baitocin wani sha'iri, kowa ya yi tsit don kada kalma ɗaya ta wuce shi, to wannan ya riga ya san rabin labarin da zan bayar, domin a irin wannan zama ne Lied ta yi wayo. Sauran rabin shi ne inda hanyoyin biyu suka rabu, kuma a can ne nake ganin akwai abin da ya shafe mu.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu bambance fiyanon da ake magana a kai. Ba wancan ɗan allo mai aiki da lantarki ba ne da samarinmu ke yin waƙoƙin fim da na biki da shi, wanda in an danna maɓalli ɗaya zai fito da ganga da sarewa gaba ɗaya. Wannan babban akwati ne na katako da ƙarfe, mai maɓallai 88, farare 52, baƙaƙe 36. A cikinsa akwai wayoyin ƙarfe wajen 230 a ɗaure tamau, kuma duk maɓallin da aka taɓa sai wata 'yar guduma mai laushin kai ta bugi wayoyinta. In an taɓa a hankali ya yi raɗa, in an buga da ƙarfi ya yi tsawa. Saboda haka hannun makaɗi shi ne kome.

Ɗan malamin makaranta

Wanda ya ɗaga darajar wannan waƙa shi ne Franz Schubert, haifaffen Biyana, babban birnin Ostiriya, a shekarar 1797. Mahaifinsa malamin firamare ne mai riƙe da makaranta a wata unguwa ta bayan gari. Shi ma Franz ya yi kwas ɗin koyarwa a makarantar horon malamai ta St. Anna, ya fito a 1814 aka ba shi ajin ƙanana a makarantar mahaifin nasa. Mu da muka riƙe alli mun san abin da ajin ƙanana ke yi wa maƙogwaro da kuma haƙuri. Bai taɓa son aikin ba, kuma daga baya ya bar shi, amma a waɗannan shekaru na koyarwa ne, in an tashi daga makaranta, ya riƙa zama yana rubuta waƙoƙin da har yau ake rerawa. A 1815 kaɗai ya tsara fiye da 140. Ya rasu a 1828 yana da shekara 31, ya bar waƙoƙi sama da 600.

Kafin Schubert, Jamusawa na da waƙoƙinsu na murya da fiyano, sai dai galibi fiyanon ɗan rakiya ne kawai. A yi wa baitin farko murya mai sauƙi, a maimaita ta a kan sauran baitoci, kamar dai yadda muke rera rubutattun waƙoƙinmu na Hausa da rauji ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Babban sha'irin Jamus, Goethe, irin wannan ya fi so, don a ganinsa bai kamata kiɗa ya sha gaban magana ba. A 1816 wani abokin Schubert mai suna Josef von Spaun ya tattara waƙoƙin Goethe da saurayin ya yi wa kiɗa, ya aika wa dattijon. An mayar da su ba tare da ko kalma ɗaya ba. Duk da haka Schubert ya yi wa waƙoƙin Goethe wajen 70 kiɗa, kuma a yau akwai ɗimbin mutane a duniya da ba su san baitocin Goethe ba sai ta bakin Schubert.

To me ya kawo sabo? Ya ba fiyano baki. Alal misali, a watan Oktoban 1814, yana ɗan shekara 17, ya ɗauki wata waƙa daga wasan kwaikwayon Goethe mai suna Faust, inda wata budurwa, Gretchen, ke zaune tana kaɗi tana tunanin saurayin da ya tafi da hankalinta. Kaɗin nata ba da mazari take yi ba, da wata ƙafa ce mai juyawa wadda ake takawa. Hannun daman makaɗi sai ya zama wannan ƙafa, yana ta juyi ba hutawa, hannun hagu kuwa ya zama takun. Yarinya na waƙa, ƙafa na juyi, har ta kai inda ta tuna sumbar da ya yi mata. Nan sai fiyano ya tsaya cik. Ta manta da aikin hannunta ke nan. Can sai a ji ƙafar ta motsa, ta tsaya, ta sake motsawa, kafin ta kama juyi kamar da. Babu inda sha'irin ya ce kaɗin ya tsaya. Mai tsara kiɗan ne ya karanta zuciyar yarinyar ya gane haka, ya sa fiyano ya faɗa.

Shekara guda bayan haka ya yi Erlkönig, watau sarkin aljanun daji. Uba ne a kan doki cikin dare, ya rungume ɗansa marar lafiya yana sauri ya kai gida. Yaro na ganin aljani na kiransa da daɗin baki, uba na cewa hazo ne, iska ce ke kaɗa ganye. Mawaƙi ɗaya ne zai yi muryoyi huɗu a cikin minti huɗu: mai ba da labari, da uba, da ɗa, da aljanin. Shi kuwa makaɗi hannun damansa na sukuwar doki tun daga farko, abin da ke gajiyar da wuyan hannun ko da gwanaye ne. Sai sun iso gida dokin ke tsayawa, fiyano ya yi shiru, murya ita kaɗai ta faɗi cewa yaron ya cika. Na taɓa sa wa 'yan ajina wannan waƙa a waya ban gaya musu labarin ba, kuma babu mai jin Jamusanci a cikinsu. Da na tambaya me suka ji, da yawa suka ce doki ne ke gudu, wata yarinya kuma ta ce akwai yaro mai jin tsoro a ciki.

Zaman abokai

A zamanin Schubert ba a shirya wa irin waɗannan waƙoƙi babban taro. Abokansa, akasari ƙananan ma'aikatan gwamnati da masu zane da sha'irai da ɗalibai, su ne ke haɗuwa a gidan ɗaya daga cikinsu da dare. Shi ya zauna a fiyano, wani tsohon mawaƙin gidan wasan kwaikwayo mai suna Johann Michael Vogl, wanda suka haɗu a 1817, ya miƙe ya rera. In an gama a ci abinci, a yi karatun waƙoƙi, wani lokaci har a taka rawa. Su da kansu suka raɗa wa zaman suna Schubertiade. A duk rayuwarsa sau ɗaya tak ya shirya taron jama'a na kuɗi wanda kiɗansa kaɗai aka yi a ciki, ranar 26 ga Maris 1828, watanni takwas kafin rasuwarsa.

Akwai kuma dalilin siyasa da ya sa ɗaki ya fi fili. Gwamnatin Ostiriya ta lokacin Metternich na tace duk abin da za a buga, 'yan sandan ciki kuma na sa ido a kan taron samari. A 1820 an kama Schubert tare da wasu abokansa. Shi an sake shi, amma ɗaya daga cikinsu, sha'iri Johann Senn, ya yi fiye da shekara a tsare, sa'an nan aka kore shi daga birnin. Mazauna Khartum da suka ga shekarun da suka biyo bayan juyin mulkin 1989 ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan.

A 1827 ya tsara aikin da mutane da yawa ke ɗauka shi ne ƙololuwar wannan fanni, Winterreise, watau tafiyar hunturu, jerin waƙoƙi 24 na sha'iri Wilhelm Müller. Wani mutum ne da aka hana shi yarinyar da yake so, ya fita daga garin cikin dare ba sallama, ya kama hanya cikin dusar ƙanƙara. Babu wani labari bayan wannan, sai tafiya da abin da ya gani a hanya: kogin da ya daskare, mai kai wasiƙa da bai kawo masa kome ba, hankakan da ke binsa, karnukan ƙauye na haushi yayin da mutane ke barci a ɗakunansu, maƙabartar da ya ɗauka masauki ce amma ita ma ba ta karɓe shi ba. A waƙar ƙarshe ya haɗu da wani tsoho mabaraci tsaye ba takalmi a kan ƙanƙara, yana murza wani ɗan akwatin kiɗa, tasarsa ba ko kwabo, ba mai sauraronsa. Fiyano a nan ba ya yin kome sai amo guda da yake ta nanatawa, kamar mai gurmi a bakin kasuwa bayan an watse. Spaun ya ba da labarin cewa ranar da Schubert ya fara rera musu waɗannan waƙoƙi, abokan sun yi jugum saboda duhun da ke cikinsu. Yaƙin da muke ciki ya raba fiye da mutum miliyan 10 da gidajensu. Ina zaton wanda ya kulle ƙofarsa a Bahri ko a Omdurman ya kama hanyar Madani ko ta Halfa da 'yar jakarsa, zai fahimci wannan jeri fiye da mai zaune cikin ɗumi a Biyana, ko da bai taɓa ganin ƙanƙara ba.

Bayan Schubert sai Robert Schumann, wanda a 1840, shekarar da ya auri Clara Wieck bayan doguwar shari'a da mahaifinta, ya tsara waƙoƙi fiye da 120. Sai Brahms, da Hugo Wolf, da Mahler, da Richard Strauss. A hankali waƙar ta fita daga ɗakin abokai ta shiga zauren taro. Wani mawaƙi mai suna Julius Stockhausen shi ne ya fara rera cikakken jerin waƙoƙi 20 na Schubert a kan wani yaron mai niƙa da 'yar maigidansa a bainar jama'a, a Biyana cikin 1856, shekara 28 bayan rasuwar mai su.

Yadda daren ke gudana

A yau in an je daren Lied a Jamus ko Ostiriya, ko a zauren Wigmore na Landan mai kujeru kamar 550, ga abin da za a tarar. Mawaƙi na tsayawa a lanƙwasar fiyano, yawanci ba takarda a hannunsa, ya haddace kome. Ba a ba shi abin magana, ƙirjinsa ne kawai zai kai murya har kujerar ƙarshe, shi ya sa ba a son zaure mai girma ainun. Ana raba wa masu sauraro ɗan littafi mai ɗauke da baitocin da fassararsu. In jerin waƙoƙi ake yi, ba a tafi a tsakani, sai an kai ƙarshe. Winterreise na cin fiye da sa'a guda, kuma a duk tsawon wannan lokaci ko tari mutum zai yi sai ya jira tsakanin waƙa da waƙa. Babu liƙi, babu kirari, babu tasowa a je gaban mawaƙi a ɗaga hannu ana kaɗa yatsu kamar yadda muke yi a nan in waƙa ta yi daɗi.

Ni dai ban ce wannan tsari ya fi namu ba. Akwai taƙura a cikinsa, kuma mun ga cewa shi kansa Schubert ba haka ya san abin ba. Amma shirun na da amfaninsa. Akwai wuraren da mawaƙi ke rage murya har ta zama kamar numfashi, akwai kuma wuraren da magana ke ƙarewa fiyano ya ci gaba shi kaɗai yana ƙarasa abin da baki ya kasa faɗa, musamman a waƙoƙin Schumann. In akwai hayaniya, duk wannan ya tafi a banza. Haka kuma mutanen nan biyu ba sa kallon juna, amma dole makaɗi ya san lokacin da mawaƙi zai ja numfashi ya jira shi, ya kuma san in yau muryar ta ɗan dushe ya rage hannu. Faifai na iya adana murya, amma wannan sauraron juna sai ana wurin ake ganinsa. Gerald Moore, Bature ɗan Ingila da ya shafe rayuwarsa yana kaɗa wa manyan mawaƙa, ya rubuta littattafai yana jayayya da masu ɗaukar makaɗin fiyano a matsayin bara. A cewarsa abokin aiki ne, kuma duk wanda ya bi misalin kaɗin Gretchen zai yarda.

Kada a ɗauka kuma waƙar ta farar fata ce kawai. A 1924 wani baƙar fatar Amurka, Roland Hayes, wanda iyayensa suka taɓa zama bayi, ya je rera waƙa a Barlin. A lokacin Jamusawa na cike da fushin sojojin Afirka da Faransa ta girke a yankin kogin Rhine bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da ya fito sai zaure ya ɗauki ihu da feɗuwa. Ya tsaya cik kusa da fiyano bai ce uffan ba har suka gaji, sa'an nan ya fara wata waƙar Schubert mai taushi ƙwarai, da ƙaramar murya. Kafin ya kai ƙarshe zauren ya yi tsit, aka ƙare da tafi.

Wanda ya rubuta baitocin waccan waƙa, Friedrich Rückert, ba baƙo ba ne ga ɗaliban ilimi na zaure, ko da ba su san sunansa ba. Shehin malamin harsunan Gabas ne a jami'ar Erlangen, daga baya a Barlin, kuma shi ne ya juya Maƙamatul Hariri zuwa Jamusanci, littafin da har yau ake karantawa a gaban malamai a Kano da Zariya da Sakkwato. Ya fassara diwanin Hamasa, da wasu sassa na Alƙur'ani mai girma. Shi ma Goethe ya fitar da diwani guda a 1819 saboda shaukin waƙoƙin Hafiz na Farisa. Ashe dai wasu daga cikin baitocin da ake rerawa a daren Lied sun sha daga rijiyar da sha'iran Omdurman suka sha.

A nan gida

A shekarun 1920 ne wani salon waƙa ya taso a Omdurman wanda daga baya aka sa wa suna haƙiba, watau jaka, saboda wani shirin Rediyon Omdurman da mai gabatar da shi ke zuwa da tsofaffin faya-fayai a jakarsa. A haƙiba sha'iri ne gaba: Ibrahim al-Abbadi, da Abu Salah, da Umar al-Banna, da Khalil Farah wanda ya rasu a 1932, wanda ya ɓoye ƙaunar ƙasa a cikin waƙar soyayya don kada Turawan mulki su gane. Mawaƙa irin su Sarur da Karoma su ke ɗaukar baitocin su rera da 'yan amshi da tafi da ɗan tambari. Da aka buɗe gidan rediyon a 1940 sai ud da goge irin na Turawa da sauran kayan kiɗa suka samu gindin zama. A can ne, a 1942, A'isha Musa Ahmad, wadda aka fi sani da A'isha al-Falatiya, ta zama mace ta farko da ta rera waƙa a rediyon Sudan. Iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka taso, ta yi karatun allo a wurin mahaifinta a Omdurman, ta rera da Larabci da Hausa, ƙanwarta Jiddawiyya kuma na kaɗa ud. Ta rasu a 1974, Allah ya jiƙanta.

Waɗanda suka biyo baya sun yi waƙa da manyan ƙungiyoyin makaɗa, amma masu kunne sun san cewa ainihin gwanintarsu na fitowa ne in sun zauna da ud kaɗai. Abdulkarim al-Kabli, wanda ya rasu a Amurka a 2021, ya ɗauki baitocin Abu Firas al-Hamdani na ƙarni na 10 da na al-Aƙƙad na Masar ya yi musu murya, abin da bai da maraba da aikin Schubert a kan Goethe. Muhammad al-Amin ɗan Madani, wanda shi ma ya rasu a Amurka a 2023, ya sa ud ɗinsa na amsa masa magana. Muhammad Wardi malamin makaranta ne kafin ya zo rediyo a 1957. Mustafa Sid Ahmad ma malami ne, kuma da aka toshe masa ƙofofin gwamnati, kaset-kaset ɗin da aka ɗauka a zaman gida, shi da ud ɗinsa da baitocin sha'irai irin su Hummaid, su ne suka zaga ƙasar hannu da hannu har ya rasu a Doha a Janairun 1996. Ban san abin da ke cikin alli ba da yake fitar da mawaƙa haka. Mu Hausawa ma ba a bar mu a baya ba, don Ɗan Maraya Jos ya shafe shekaru yana riƙe taro shi da kuntiginsa kawai.

Kunnen da ya saba da waƙar Sudan yakan ji ta Jamusawa bambaraƙwai da farko. Dalili shi ne waƙar tsakiyar Sudan, kamar da yawa daga cikin namu na Hausa, a kan matakan sauti biyar take tafiya, tasu kuwa a kan bakwai, da wasu biyar a tsakani. Abin sha'awa, in mutum ya bi baƙaƙen maɓallan fiyano kaɗai ya bar farare, matakan nan biyar zai samu. Fiyanon kansa ba baƙo ba ne a Khartum. Tun 1969 aka kafa cibiyar koyar da kiɗa da wasan kwaikwayo, wadda daga baya ta zama kwaleji a ƙarƙashin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan. A can aka koyar da fiyano da horar da murya da rubutun kiɗa, har da malamai daga Koriya ta Arewa, kuma Mustafa Sid Ahmad na cikin waɗanda suka yi karatu a wurin. Jamusawa ma sun daɗe da cibiyarsu ta al'adu a birnin mai ɗauke da sunan Goethe, inda ake koyar da harshensu ana kuma shirya kallon fim da kiɗa, har yaƙi ya tsayar da kome.

Inda hanyoyin suka rabu shi ne takarda. Mawaƙin ud shi ne mai tsara murya, shi ne mai kaɗawa, shi ne mai rerawa, kuma abin a kansa yake. In ya mutu, sai abin da aka ɗauka a faifai da abin da almajiransa suka riƙe. A Lied kuwa an raba aikin huɗu: sha'iri, da mai tsara kiɗa, da mawaƙi, da makaɗi, kuma na biyun ya rubuta wa na uku da na huɗu duk abin da za su yi. Wannan na rage 'yancin mawaƙi, gaskiya ne, don ba zai ƙara baiti saboda ya hango wani attajiri ya shigo ba. Amma shi ya sa waƙoƙin Schubert da yawa da ba a buga ba sai shekaru bayan mutuwarsa suka tashi daga akwati kamar jiya aka yi su. Dietrich Fischer-Dieskau, wanda ake ɗauka babban mawaƙin Lied na ƙarni na 20, soja ne da Amurkawa suka kama a Italiya a 1945, kuma a sansanonin fursunonin yaƙi ya riƙa rera wa 'yan'uwansa waɗannan waƙoƙi. Ya koma Barlin a 1947 ya tarar birnin ya zama kufai, gidajen wasa da yawa sun rushe, amma bai jima ba ya rera Winterreise a gidan rediyo. Abin da ake bukata kawai shi ne littafi, da fiyano ɗaya da ya tsira, da mutum biyu.

Mu kuwa taskarmu mafi girma tana ginin rediyo da talabijin na Omdurman, inda aka tara muryoyin mawaƙan ƙasar tun daga shekarun 1940, har da na A'isha. Dakarun RSF sun mamaye wannan gini tun farkon yaƙi a 2023, sai a watan Maris na 2024 sojoji suka karɓe shi. Kusan shekara guda ke nan tarihin kunnen al'umma na tsakiyar fagen daga. A ganina aikin da ke gaban ɗaliban kwalejin kiɗa da suka warwatsu a Alƙahira da Kampala da Bur Sudan shi ne su zauna su rubuta waɗannan muryoyi a takarda tun akwai tsofaffin da suka riƙe su. Mu kuma namu shi ne mu nemo waƙoƙin Hausa na A'isha a hannun masu tsofaffin kaset, a Khartum ne ko a Mai Wurno ko a Gadarif, mu miƙa wa wanda ya iya rubutun. Yarabawa sun riga mu: Ayo Bankole da Akin Euba sun tsara waƙoƙin Yarabanci na murya da fiyano tun tuni. Wanda zai yi wa baitocin Aƙilu Aliyu ko Mu'azu Haɗeja irin wannan aiki sai ya kiyaye hawa da saukar muryar Hausa da tsawon wasali, don in kiɗa ya ɗaga inda harshe ya sauke, kalmar na iya komawa wata daban.

Shi fiyano kuwa ba ya gudun hijira. Mai ud na iya rataya abinsa ya hau mota, amma ƙaramin fiyano na jingina da bango ya haura kilo 200, babba na zauren taro kuwa ya doshi 500. Duk waɗanda ke makarantu da majami'u da cibiyoyin al'adu na Khartum a nan aka bar su. Ko da lafiya lau ake, wannan gari ba ya yi wa fiyano daɗi. Wayoyinsa na jan jikinsa da ƙarfin da ya kusa tan 20, allon katakon da ke ƙara masa amo kuma na son iska mai ɗan danshi. Zafin da ke wuce digiri 40 da bushewar iska na tsaga allon, su sassauta turakun da aka ɗaure wayoyin, ƙurar habub kuma ta shiga tsakanin gudumomi. A ƙa'ida ana saita shi sau ɗaya ko biyu a shekara, da kuma kafin kowane taro. Wanda ya yi shekaru a kulle ba a saita shi a zama ɗaya. Mai gyara zai share ƙurar, ya duba allon, ya ja wayoyin kaɗan-kaɗan har su kusa inda ya kamata, don in ya ja da garaje sai su tsinke. Sa'an nan ya tafi ya bar shi 'yan makonni katako da ƙarfe su saba da sabon nauyin, ya dawo ya sake bi waya bayan waya, tukuna a kira mawaƙi.